KALLO YA KOMA SAMA: Sirrin lilon gem da ke ɗauke hankalin matasan Illela

IDAN Allah ya kai ka Illela ranar Lahadi, wato ranar kasuwa, ba sai an gaya maka ka zo bakin iyaka ba. Ga shanu da raƙuma da tumaki an koro, ga manyan motoci ana lodi za a yi Kudu, ga 'yan canji da damin naira a hannun dama, sefa a hannun hagu. Mutanen Ƙonni sun ƙetaro daga Nijar, na Sakkwato da Gwadabawa sun hauro. To amma ba cinikin shanu ya kawo mu yau ba. Biyo ni, mai karatu, mu bar hayaniyar kara mu kutsa lungu, inda za ka ji ƙugin ɗan ƙaramin janareto a ƙofar wani shago mai labule. Nan ne gidan gem.

Kowa ya san abin da aka fi bugawa a irin waɗannan shaguna: ƙwallo. Ana yi ana musu, wanda aka ci ya biya, ya tashi ya ba wani wuri. Amma akwai lokacin da shagon kan yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Wannan lokacin kuwa shi ne idan wani yaro ya sa a sauya faifai, aka ga jarumi a talbijin ya maƙale a jikin igiya, yana reto, ƙarƙashin sa rami ne wanda ba a ganin ƙarshen sa. Sai ka ga mai riƙe da hannun gem ɗin yana karkata jiki dama da hagu kamar shi ne a saman. Can sai wani ya kasa haƙuri ya ce, "Mi kaka jira? Saki!" Ya saki da wuri, jarumi ya yi ƙasa, shago ya ɗauka baki ɗaya: "Ya hwaɗi!"

A cikin irin wannan shagon na tashi. Faya-fayan da mu ke samu a lokacin, wasu da Turanci su ke magana, wasu da Faransanci. Mu 'yan Illela ba mu gama jin na farko ba, abokan mu 'yan Ƙonni ba su gama jin na biyun ba, don haka labarin gem ɗin bai dame mu ba. Lilon shi ne labarin. Ko an rufe boda, kamar yadda aka yi daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka kuma sake yi daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024, ba na jin akwai ranar da yaran ɓangarorin biyu su ka daina jin yaren igiya. Tambayar ita ce: daga ina wannan lilo ya samo asali, me ya sa ya ke da daɗi haka, kuma me ya sa wanda ya kwaikwaye shi a zahiri ya kan kwana a hannun maɗori?

DAGA FIM AKA FARO

Abin da ya sa wannan batu ya shigo shafin nan shi ne, lilon gem ɗa ne na cikin fim. Uban su duka shi ne Tarzan, wanda wani marubuci ɗan Amurka mai suna Edgar Rice Burroughs ya ƙirƙira a cikin 1912. A 1932 aka yi fim ɗin 'Tarzan the Ape Man', inda gwanin ninƙaya Johnny Weissmuller ya fito a matsayin jarumi, yana kama kurangar daji yana shillo daga wannan itace zuwa wancan, yana kurma ihun nan da kowa ya sani. Indiyawa ma ba a bar su a baya ba, domin a 1985 sun yi nasu, 'Adventures of Tarzan', wanda Hemant Birje da Kimi Katkar su ka ja.

Da masu yin gem su ka tashi neman abin da zai riƙe yara, ba su je da nisa ba. A 1982 kamfanin Taito na Japan ya fitar da 'Jungle King', jarumin sa ba riga, yana lilo a daji, har da ihun. Magadan Burroughs su ka ce ba su san zancen ba, wannan ai Tarzan ɗin su ne aka sauya wa suna. Dole kamfanin ya sa wa jarumin riga da hular yawon daji, ya cire ihun, ya maida sunan gem ɗin 'Jungle Hunt'. Kun ga ashe rigimar satar fasaha ba a kasuwar Ƙofar Wambai aka fara ta ba!

A wannan shekarar dai wani mutum ɗaya tilo, David Crane, ya rubuta 'Pitfall!' wa kamfanin Activision. An ba ka minti 20 ka tattara dukiya 32 a cikin daji, kana ƙetare kadoji da ramuka da igiya. Duk gem ɗin nan kilobayit 4 ne kacal, bai kai nauyin hoto guda na wayar ka ba, amma an sayar da sama da kwafi miliyan 4.

Mu a nan, yawancin mu a gem mai kaset mu ka fara cin karo da lilo, irin kaset ɗin nan da ake rubuta wa wasanni dubu-dubu a jiki, ka kunna ka tarar guda nawa ne ake ta maimaitawa. A ciki akwai 'Circus Charlie' na kamfanin Konami, wanda a matakin sa na ƙarshe za ka riƙa saki wannan lilo kana cafke wancan. Akwai 'Bionic Commando' na Capcom, wanda ya fito a 1987 aka kuma kawo shi gem na gida a 1988. Shi jarumin sa ko tsalle bai iya ba, sai dai ya harba ƙugiyar hannun sa ta kama sama ya yi shillo. Waɗanda su ka riski Sega kuma ba za su manta da 'The Lion King' na 1994 ba, inda ɗan zaki ke reto a wutsiyar dorina. Yara nawa wutsiyar nan ta cinye wa kuɗin tara? Allah kaɗai ya sani.

YARIMA DA ƘANEN MAI GEM

Labarin da ya fi burge ni shi ne na 'Prince of Persia'. Wani saurayi ɗan Amurka, Jordan Mechner, mayen fim ne, burin sa ma ya zama marubucin fim. Da ya zo yin gem ɗin sa, sai ya ga idan ya zana motsin jarumi da ka, tafiyar ba ta kama da ta mutum. Sai ya ɗauki kyamarar bidiyo, ya sa ƙanen sa David ya saka fararen kaya, ya riƙa gudu, yana tsalle, yana kama katanga yana hawa, shi kuwa yana ɗauka. Daga nan ya bi hoton ɗaya bayan ɗaya yana kwafe siffar jikin yaron yana shigarwa kwamfuta. Faɗan takobi kuma ya duba shi daga tsohon fim ɗin 'The Adventures of Robin Hood' na 1938. A 1989 gem ya fito: an ba ka minti 60 ka ceto gimbiya daga hannun mugun waziri. Duniya ta sha mamaki, don ba a saba ganin ɗan mutum a cikin gem yana rataye a bakin gini, ƙafafun sa na reto kamar na gaske ba.

A 2003 kamfanin Ubisoft ya farfaɗo da Yarima a 'The Sands of Time', kuma wannan shi ne wanda ya zauna daram a shagunan mu a zamanin PS2. A nan lilo ya zama sana'a. Yarima zai yi gudu a jikin bango, ya kama sandar ƙarfe, ya wulwula a jikin ta, ya saki ya cafki ta gaba, ya dira a kan ginshiƙi. Sannan aka ba shi wata wuƙa mai yashin tsafi: idan ka faɗi, ka danna, lokaci ya koma baya, ka gan ka a saman sandar kamar ba a yi ba. Mai karatu, riƙe zancen wuƙar nan, za mu dawo kan sa.

Abu ya zagayo inda ya faro a 2010, lokacin da kamfanin Disney ya maida gem ɗin fim, Jake Gyllenhaal ya fito a Yarima, aka yi wani ɓangare na ɗaukar a Maroko. Fim ya haifi gem, gem kuma ya haifi fim.

IDAN GIZO YA ZO ILLELA

Sai kuma sarkin lilo, wato Spider-Man, wanda mu dai Gizo mu ke ce masa. A gem ɗin sa na farko-farko, idan ya harba zare, sama kawai ya ke kamawa, ko da gini ko babu, kamar an kafa ƙusa a jikin gajimare. Da aka zo yin gem ɗin 'Spider-Man 2' a 2004, wanda ya fito tare da fim ɗin darakta Sam Raimi da jarumi Tobey Maguire, sai wani ma'aikacin kamfanin Treyarch mai suna Jamie Fristrom ya dage cewa zaren nan dole ya kama gini na sosai. In babu gini kusa, babu lilo. Daga inda zaren ya kama, kwamfuta za ta lissafa tsawon sa da nauyin jarumi da gudun sa. Wannan ne ya sa har gobe masana gem ke ambaton sa idan ana zancen lilo.

Mu kan yi raha a shago cewa da Gizon nan zai baro dogayen benayen Niyok ya zo Illela, to sai dai ya nemi ɗan kabu-kabu, domin daga ƙarfen sabis sai dogon-yaro, ba abin da zaren sa zai kama!

A NAN GIZO KE SAƘA

Dokar lilo ba baƙuwar mu ba ce. Duk wanda ya taɓa ɗaura igiya a reshe, ko ya hau lilon Sallah, ya san ta a jikin sa ko da bai san ta a takarda ba. Masana tun zamanin Galileo sun gano cewa tsawon igiya ne ke yanke lokacin zuwa da dawowa, ba nauyin wanda ke kai ba. Igiya mai mita 1 na ɗaukar kusan daƙiƙa 2 ta je ta dawo, mai mita 4 kuma kusan daƙiƙa 4. Shi ya sa gwanin gem ba ya kallon jarumi, tsawon igiya ya ke kallo, yana ƙirga bugun a zuci kamar mai bin kiɗa.

Sai maganar sakin. A can ƙarshen sama gudun ka ya mutu, idan ka saki sai ka zubo kamar buhu. A tsakiya, wato ƙasa-ƙasa, nan gudun ya fi yawa, amma kana kusa da ƙasa kuma ba ka fuskanci sama ba. Wurin saki na tsakanin biyun: ka wuce tsakiya, ka fara hawa, ba ka kai ƙarshe ba. Ɗan wannan taƙin shi ne duk daɗin wasan, shi ne kuma abin da ake yi wa ihun "Saki!"

To amma akwai lissafi na uku wanda gem ba ya gaya maka. Ni ma ban san shi ba sai da ya shigo har gidan mu.

Autan mu ni na fara kai shi gidan gem, ni ke biya masa. Wata ranar Alhamis da rana, mutanen gida na barci, ya kwance igiyar guga ya ɗaura a reshen dogon-yaron da ke tsakar gida, ya hau katanga. Niyyar sa ya yi shillo ya dira a kan rumfar awaki, kamar yadda Yarima ke yi. Ƙarar faɗuwar sa ce ta tashe mu. Hannun dama ya karye a ƙasan gwiwa. Inna ba ta yi mani faɗa ba, kallo na kawai ta yi ta ce, "Kai da kak koya mai, sai ka ɗaukai." Wallahi da duka na ta yi da ya fi mani sauƙi. Aka yi ɗori, bai zauna daidai ba, daga baya aka dangana da asibiti a Sakkwato. Jarabawar wannan zangon ta wuce shi, kuma har yau hannun ba ya miƙewa sosai.

A hanya, yana kuka, ya faɗa mani maganar da ban manta ba: "Yaya, wallahi ba ni nis saki ba, ita tas sake ni."

Gaskiya ya faɗa. Lokacin da mai lilo ya iso tsakiya, nauyin da hannun sa ke ɗauke da shi ya kan ƙaru. Idan ka taso daga gefe igiya ta karkace sosai, kamar kashi biyu cikin uku na hanyar zuwa kwance, to a tsakiya nauyin ka ninki biyu ne. Idan kuwa ka taso igiya na kwance sambal, daidai da reshen, ninki uku ne. Wato yaro mai kilo 40, yatsun sa za su riƙe kilo 80 zuwa 120, a daidai lokacin da ya fi gudu. Wane yaro ne zai iya? Sannan wanda ya faɗo daga tsawon mita 3 yana isa ƙasa da gudun kusan kilomita 28 a awa. Daga mita 5 kuwa kusan 36. Kamar ka hau babur ne ka nufi bango ba birki.

HAR SU MA SUN FAƊO

Kada wani ya ce ai don yaro ne. A duniyar fim babu wanda ya kai Jackie Chan sanin makamar tsalle. Amma a wajen ɗaukar fim ɗin 'Armour of God' na 1986, a tsohuwar ƙasar Yugoslabiya, an so ya yi tsalle daga kan katanga ya kama reshen itace. Ya yi na farko lafiya, ya ce bai yi masa ba, a sake. A na biyu reshe ya karye, ya faɗo kan sa ya bugi dutse, ƙoƙon kai ya fashe, sai da aka yi masa aiki. Ya rayu, amma jin kunnen sa guda ya ragu. Wannan fa mutum ne da aka horar tun yana ƙaramin yaro, ga ma'aikata kewaye da shi.

Shawagin da ku ke gani a 'The Matrix' na 1999 da 'Crouching Tiger, Hidden Dragon' na 2000 kuwa, wanda gwani Yuen Woo-ping ya tsara, da waya ake yin sa. Ana ɗaura wa ɗan wasa ɗamara a cikin riga, ƙarti na gefe suna ja, a wajen editin a goge wayar. Haka aka yi wa Hrithik Roshan a 'Krrish' na 2006. Duk da haka, a wajen ɗaukar fim ɗin a Singafo waya ta kuɓuce ya rikito daga sama, Allah ya sa rumfar wani shago ta tare shi.

Shi kuwa gem, ƙaryar sa ta fi ta fim. Masu yin sa sun san idan su ka bi dokar duniya sak, ba wanda zai ƙara saye. Don haka su na taimakon ka a ɓoye. Idan ka kusa kama igiya, sai a jawo hannun jarumi ya kama. Idan ka makara da tsalle kaɗan bayan ƙafa ta bar gini, sai a yafe maka. A yawancin su hannun jarumi ba ya gajiya, ba ya gumi, igiya ba ta tsinkewa. A gem ɗin 'Marvel's Spider-Man 2' na 2023 ma kamfanin Insomniac ya fito da abin fili: akwai wurin da za ka rage taimakon da ake yi maka a lilo daga 10 har zuwa 0, akwai kuma inda za ka kunna jin ciwo idan ka faɗo. Wato da can ko daga bene mai hawa nawa ka rikito, kakkaɓe riga kawai za ka yi. Uwa-uba ga wuƙar Yarima mai maida lokaci baya. Autan mu ba shi da ita. Ni ma da ina da ita, da na koma ranar da na fara kai shi shagon na yi masa bayanin nan tukuna. Hausawa sun ce tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fito ba.

WA YA KAMATA A KWAIKWAYA?

Ba cewa na ke a daina buga gem ba. Ni kai na har yanzu idan na samu hannu ina taɓawa, kuma autan namu ya fi ni iyawa. Abin da na ke cewa shi ne, a labarin 'Prince of Persia' mutum biyu ne: akwai Yarima, akwai Mechner. Yarima zane ne. Mechner shi ne mutum, kuma shi bai hau katanga ya kama igiyar guga ba, kyamara ya ɗauka. Wayar da ke aljihun ka yau ta fi kyamarar sa da kwamfutar sa ƙarfi nesa ba kusa ba. Ka samu fili mai yashi, ka sa abokin ka ya yi gudu ya yi ɗan tsallen da bai wuce gwiwa ba, ka kwanta a ƙasa ka ɗauke shi daga can, ka yanka ka haɗa da hoton wani wuri. Za ka ga ya zama kamar ya ƙetare rami. Wannan ita ce sana'ar, kuma ba a ɗori a cikin ta.

Sai ku furodusoshi da daraktocin mu. Tun daga 'Turmin Danya' na 1990 zuwa yau an haura shekara 30 ana fim ɗin bidiyo na Hausa. A soyayya da waƙa da rikicin gida ba a magana, an ƙware. Amma sau nawa mu ka ga lilo a fim ɗin mu in ba wanda saurayi ke tura budurwa a lambu ana waƙa ba? Sau nawa aka kai naushi, ƙarar ta riga hannun isa? Yaran da ke cika gidajen gem su ne 'yan kallon ku, kuma idon su ya buɗe. Sun san motsin da ke da nauyi da wanda ba shi da shi. Masu jiki kuma ba mu rasa ba. Ku zo kara ranar Lahadi ku ga yadda yaran mota ke tafiya a kan katakon saman tirelar shanu, su kama igiya su sauko kamar ba komai. Abin da babu shi ne mai horarwa, da katifa, da ɗamarar tsaro, da daraktan da zai zauna ya zana sin ɗin kafin a kunna kyamara. Kada dai a ce wa yaron mutane ya yi tsalle daga soro don a burge 'yan kallo, a sallame shi da kuɗin sabulu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ku kuma masu gidajen gem da yayye irin na, idan kun ga ƙaramin yaro ya ƙura wa Yarima ido har bakin sa a buɗe, ku daure ku gaya masa abin da ba a gaya wa autan mu ba: na cikin talbijin rai bakwai gare shi, in sun ƙare a sake kunnawa. Naka guda ne.

Allah ya tsare mana ƙannen mu, ya kuma nuna mana ranar da yaran Niyok za su taru a shago su na yi wa wani jarumi ɗan Illela ihu ya saki igiya. Amin.